Yadda Na Samu Kujera a Kabo

Ba zan ba da labarin yadda muka fito daga Niyala ba. Yumma ba ta son a tayar da zancen, ni ma ba na so. Zan fara daga Injamena, inda wata babbar mota ta sauke mu da hantsi, ina da shekara goma sha huɗu, kayanmu duka ƙullin zani biyu ne da wata jakar leda da nake rataye da ita a wuya, a ƙarƙashin mayafi.

Yumma, haka muke kiran uwa a can. Ita Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta ne suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zama gari. Babana kuwa, Malam Yusha'u tela, mutumin Getso ne ta ƙasar Gwarzo. Neman karatu ya kai shi yana saurayi, ya ƙare a kan keken ɗinki, ya auri Yumma, ya rasu ina aji huɗu. Kullum yana cewa baɗi zai kai mu gida mu ga dangi, baɗin bai zo ba. Da gari ya rikice aka rufe makarantu, Yumma ta ce ba ta san inda 'yan'uwanta suka watsu ba, amma ni ina da ƙasar uba, can za mu nufa, ko ba komai in koma aji. Abin da ke cikin jakar ledar nan shi ne sakamakon jarrabawata na shekara uku a jere da takardar haihuwata, duka da Larabci.

A Injamena mun rakuɓe a bayan wani masallaci tare da wasu mata da suka riga mu zuwa. Kwana biyu da saukarmu wani mutum mai farar jallabiya ya zo ya yi sallama, Hausarsa tas, Larabcinsa tas. Ya tambayi inda za mu, ya ce ai ya san Gwarzo kamar yunwar cikinsa. Ya ce ba a tsallaka gada sai da takardar wucewa, kuma babu makarantar Najeriya da za ta kalli takarda da Larabci sai an fassara an buga hatimi. Shi aikinsa ke nan. Yumma ta cire 'yan kunnenta na zinare, waɗanda Babana ya saya mata, ta haɗa masa da takarduna. Ya ce mu same shi jibi wajen mai shayin bakin titi.

Kwana tara muna zuwa wajen mai shayin nan. A na tara ne mai shayin ya tausaya mana ya ce mu daina wahalar da kanmu, ba mu ne na farko ba. Ya zuba mana shayi kofi biyu, ya ƙi karɓar komai. Yumma ba ta yi kuka a gabansa ba. Da muka koma masauki ta karyo tsinken tsintsiya ta sa a hudar kunnenta don kada ta toshe, ta ce da ni zinare ana sake saye, takardun nan ne suka ƙona mata rai. Ni kuwa a lokacin kunnen nata nake kallo.

Mun tsallaka gadar Kusiri a ƙafa cikin ayarin 'yan kasuwa, babu wanda ya tambaye mu wata takardar wucewa. Daga Gamboru zuwa Maiduguri muka faɗa hannun wata Babarbariya mai fataucin bandar kifi. Ko sunanta ban riƙe ba, sai dai ƙaurin kifin da ya kama mayafina har Kano. A duk shingen da aka tsayar da mota, kafin a tambaya take cewa Yumma ƙanwarta ce, ni kuma 'yarta. Ita ce ta fara yi mana dariyar Hausarmu. Mu mota arabiya muke ce mata, kasuwa kuma suk, sauran kalmominmu kuwa ta ce tun tana yarinya rabon da ta ji su, a bakin tsofaffi. Ta sa mu a motar Kano, ta saya mana burodi, ta maimaita mana sau uku cewa idan mun sauka mu nemi tashar Rijiyar Zaki, mu ce Gwarzo, kada mu ba kowa kayanmu ya riƙe.

Mun shiga Getso ƙarshen damina. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, dawa da gero sun fi mutum tsawo, wake ya bi ƙasa ya rufe ta. Na ce a raina mutumin da ya baro wannan ya je ya zauna a Niyala lallai yana son karatu. Muka yi ta tambayar gidan su Yusha'u da ya tafi Sudan, matasa ba su san shi ba, har aka kai mu zauren wani tsohon malami, Malam Haladu, wanda idonsa ya kusa tafiya. Gaisuwa kawai ta ɗauki lokacin da a can za a sha shayi a tashi. Da Yumma ta faɗi sunan Babana da na kakana, sai tsohon ya ce tare suka yi allo da Babana, shi ne ma ya raka shi bakin titi ranar da zai tafi. Ya tambayi sunana, na ce Ikhlas. Ya juya shi a bakinsa ya ce Ihilasu, sunan da ya bi ni har yau.

Sannan ya faɗa mana abin da ya rage na danginmu. Kakannina sun rasu da daɗewa. Gwaggona ta rasu wajen haihuwa. Baffana ɗaya tilo ya sayar da gidan ya tafi kudu, an fi shekara goma ba a ji ɗuriyarsa ba. Gidan ma ruwa ya cinye shi, wanda ya saya kuɓewa yake shukawa a wurin. Aka kai mu muka gani. Yumma ta tsaya tana kallon kuɓewar nan, ta yi wata biyu tana tafiya don ta kawo ni nan.

Matar Malam, Inna Tabawa, ta share mana wani ɗaki ta ce mu zauna har Allah Ya yi mana mafita. Mun yi mako biyar. Ta koya wa Yumma tuwon dawa, Yumma ta koya mata kisira, gurasar dawa irin ta can, kowacce tana cewa na ɗayar ya fi daɗi alhali ba haka ne a ranta ba. Sai kaka ta yi. Wata safiya muka ga an jera dammunan gero a tsakar gida, hadari na haɗuwa, ana ta neman tabarmi da leda a rufe. Nan Yumma ta gane ɗakin da muke ciki na ajiyar amfanin gona ne, kuma babu wanda zai buɗe baki ya faɗa mana. Washegari ta yi musu sallama. Inna Tabawa ta yi faɗa, ta yi rantsuwa, daga ƙarshe ta ƙulle mana gero da wake da daddawa, ta ce mu gaida mutanen Gwarzo.

A Gwarzo wata mata mai ƙosai ta nuna mana wani kango a gefen gari. Mai shi yana aiki a wani gari mai nisa, ɗaki ɗaya kawai ya rufa wa kwano kuɗinsa suka tsaya. Babu ƙofa, babu taga sai rami. Yumma ta rataya buhu a ƙofar, muka jera bulo muka shimfiɗa tabarma. Ruwa a rijiyar maƙwabta muke ɗiba. Abin da ya rufa mana asiri hannun Yumma ne, ta iya lalle da dilka da haɗa turaren wuta, kuma ashe a nan duk abin da aka ce na Sudan ne, amare ba sa wasa da shi. Ta fara da 'yar mai ƙosai, kafin wata guda ana aiko mata daga unguwanni.

Ni dai makaranta nake so. Kowace safiya 'yan mata suna wucewa ta gaban kangon da fararen hijabai, ni ina wanke kwanon lalle. Na dami Yumma har ta kai ni wata makaranta a cikin gari. Malamin da muka samu a ofis bai wulaƙanta mu ba, har kujera ya ba Yumma. Sai dai ya nuna mana wata takarda a bango: takardar haihuwa, shaidar gama firamare, takardar canjin makaranta, hoto biyu, da wasiƙar mai unguwa mai nuna gidan da yarinya take. Muka je wajen mai unguwa, ya ce yana tausayinmu, amma ba zai sa hannu cewa muna zaune a gidan da mai shi bai san da mu ba. Muka koma makaranta, aka ce sai da wasiƙa. Sau huɗu muna zuwa. A na huɗun malamin ya ce mu dawo sabuwar shekara a gani, yana faɗa yana kallon wani wuri. Daga ranar na daina zama a bakin ƙofa da safe.

Ana cikin haka aka kira Yumma gyaran wata amarya, ma'aikaciyar asibiti, za a yi mako guda ana dilka. Ni ce mai kwaɓa lalle. Yayar amaryar, Malama Binta, tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Kabo, kullum da la'asar takan baje takardun ɗalibai a tabarma tana makin su, hayaniyar biki ba ta hana ta. Ina kusa da ita ina tace lalle, idona na kan takardun. Turancin ban gane ba, amma lissafi ba ya ɓuya. Sai na ga ta ba wata amsa maki, alhali yarinyar ta manta alamar ragewa. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce, “Ustaza, wannan galaɗi ne,” wato kuskure.

Yumma ta mintsine ni a cinya. Malama Binta ta duba, ta sake dubawa, ta yi dariya ta gyara. Ta juya bayan wata takarda ta rubuta mini tambaya, na amsa da lambobinmu na Larabci. Ta karanta su ba wuya, ta ce ai ta yi Islamiyya. Ta ba ni ta biyu, ta uku, tana ƙara musu nauyi. Sannan ta tambaye ni wace makaranta nake. Na sunkuyar da kai. Yumma ce ta ba ta labari, tun daga mai farar jallabiya har zuwa mai unguwa, hannunta na murza dilka a ƙafar amarya.

Malama Binta ta ajiye jan bironta. Ta ce, “Maman Ihilasu, karatu daga firamare zuwa aji uku na sakandare haƙƙin kowane yaro ne, dole ne ma, haka doka ta ce. Ban taɓa ganin inda aka rubuta sai mai gida ba. Takarda ana nemanta yarinya tana aji. Ranar Litinin ta shirya.”

Malaman da ke zaune a Gwarzo suna koyarwa a Kabo sun haɗu sun ɗauki shatar wata tsohuwar mota ja, ta wani direba Malam Ado. Mutum shida take ɗauka da ƙyar, na zama ta bakwai. Aka cusa ni tsakanin Malama Binta da ƙofar da ba ta buɗewa sai daga waje. Malam Ado ya leƙo ta madubi ya ce ai wannan ba ta kai nauyin jakar Malamar Turanci ba, a bar ta kyauta.

Shugabar makarantar, Hajiya Saude, doguwa ce mai tabarau da igiya, kuma a wata ukun farko ban ga haƙorinta ba. Ta saurari Malama Binta har ƙarshe. Ta ce duk ta san wannan, amma idan masu duba makarantu suka zo suka buɗe fayil suka ga babu ko takarda ɗaya, ita za a tuhuma, ba malamar lissafi ba. Malama Binta ta ce to a gwada ni, sakamakon gwajin ya zama takarda ta farko a fayil ɗin. Hajiya ta kalle ta ta saman tabarau, ta kalle ni, ta sa aka kawo tambayoyi. Lissafi na cinye, Larabci da addini malamin ya ce in zo in taya shi koyarwa, Turanci kuwa na sha ƙasa, ban iya haɗa jimla uku ba. Hajiya ta ce aji biyu za ta sa ni. A Niyala saura mini shekara guda in shiga babbar sakandare, ga shi za a haɗa ni da 'yan shekara goma sha biyu. Duk da haka na ce na gode.

Da ta zo cike fom, ta kai layin adireshi, ta tambaye ni. Na ce kango ne, bayan gidan mai ƙosai. Ta riƙe biro a sama jim kaɗan, sannan ta rubuta sunan makarantar, ta ƙara da cewa a hannun shugaba. Sauran takardun a hankali aka same su. Don takardar rantsuwa ta shekaruna da shaidar asalina, Malam Haladu da kansa ya hau mota daga Getso, yana dogara sanda, ya tsaya gaban dagaci da gaban ma'aikacin kotu ya ce ni jikar Getso ce, wanda yake musu ya zo ya tambaye shi.

Aka ba ni kayan makarantar wata da ta gama, Yumma ta rage musu tsawo. 'Yan ajinmu suka sa mini 'Yar Sudan. Da farko dariya suke yi in na yi magana, daga baya muka yi ciniki, ina yi musu bayanin Larabci da lissafi a lokacin tara, su suna karanta mini littafin Turanci kalma-kalma. Abin da ya fi yi mini wuya taron safe ne. Idan aka jeru ana taken ƙasa, sai in tuna filin makarantarmu, da ƙawata Tasnim da take tsayawa a gabana tana taka mini ƙafa da gangan. Har yau ban san inda take ba. Nakan motsa baki kawai in bari hijabi ya shanye hawayen. Wata rana Malamar Turanci ta lura, sai ta dawo tana tsayawa a ƙarshen layinmu.

Da bazara mai kangon ya aiko magina. Ba su yi mana rashin mutunci ba, kwana uku suka ba mu. Malama Binta ta taɓa cewa in koma wurinta, amma ita ma gidan surukai take, ɗaki ɗaya da yara huɗu, kuma Yumma ta ce bayan abin da muka gani ba za ta kwana wuri ni in kwana wani ba. Ranar da wa'adin ya cika ba mu sami ko'ina ba, sai rumfar wata mai sayar da hatsi a kasuwa, da sharaɗin mu kwashe shimfiɗa kafin masu kaya su fito. Babu wurin wanka, babu wurin shanya. A rana ta biyu galan ɗin manja na maƙwabciyar rumfa ya tuntsure a kan ƙullinmu, farin hijabina da littattafai biyu suka tashi daga aiki. Na wanke, na sake wankewa, ya koma ruwan ɗorawa. Na ce wa Yumma ba zan shiga motar malamai ina warin kasuwa ba. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, na ƙi. Ban aika wa kowa ba, don kunya. A makarantarmu kuwa doka ce, wadda ta yi mako biyu ba dalili ana cire sunanta, ga wasu suna jiran gurbi.

Kwana huɗu Malam Ado yana tsayawa a gaban kango yana hon, magina suna cewa ba su san inda muka yi ba. A rana ta biyar, bayan azahar, ina taya mai hatsi auna dawa, sai na ga jar motar ta kutso cikin kasuwa tana raba awaki. Na zaci Malama Binta ce. Ita ce, amma ba ita kaɗai ba. Hajiya Saude, wadda a Kabo take zaune kuma ba ta da abin yi a Gwarzo, ta fito tana gyara tabarau. Mai ƙosai ce ta yi musu kwatance.

Ta gaisa da Yumma a tsanake, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta gaida mai hatsi. Sannan ta juyo kaina ta ce in kawo hijabin ta gani. Na kawo. Ta ɗaga shi sama ta duba.

“Saboda wannan kika bar mini kujera ba kowa kwana biyar?”

Na ce ba mu da gida yanzu, Hajiya.

Ta ce, “Da na ɗauke ki kina da shi ne? Ki saurare ni da kyau. Duk inda kuka kwana, ko rumfa ko gindin bishiya, kujerarki tana nan inda kika bar ta. Abu ɗaya na hana, ki ɓace ban sani ba.”

Washegari na tarar ta tsara komai kamar yadda take tsara jadawalin jarrabawa. An ba ni makullin wata ƙaramar durowa a ofishinta, nan littattafaina da kayan makarantata za su riƙa kwana. Akwai banɗakin malamai mata, in na iso in yi wanka in sauya kafin a kaɗa ƙararrawa, ranar Alhamis in wanke kayan in shanya a bayan ofis. Kunun da malamai suke haɗa kuɗi ana dama musu aka ƙara kofi ɗaya. Aikin gida kuma in yi shi a aji bayan an tashi, kafin malamai su gama nasu a tafi. Babu ɗalibar da aka faɗa wa dalili. Da wata ta tambayi me ya sa nake shiga ofis kullum da safe, Hajiya ta ce ni ce mai share mata tebur, ta kuma sa na riƙa sharewa don kada ta zama maƙaryaciya.

A shekarar nan sau huɗu muna sauya wurin kwana. Daga rumfa muka koma shagon wani tela da ya tafi aikin Hajji, daga nan Unguwar Tudu wajen wata da Yumma ta yi wa 'yarta lalle, daga nan Madadi gidan wata tsohuwa da 'ya'yanta suke birni. Duk inda muka koma nakan faɗa wa Hajiya, ita ta faɗa wa Malam Ado, shi kuma ya san bakin hanyar da zai tsaya. Wani lokaci sai na yi tafiyar rabin awa kafin in kai titi, wani lokaci malamai su yi ta mita an sa su sammako. In na shigo mota Malam Ado yakan ce, “Ranki ya daɗe, yau kuma ina fada ta koma?” Ban sake fashi ba sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni.

Ina aji uku, saura wata biyu jarrabawar gama ƙaramar sakandare, wayar Yumma ta yi ƙara muna tsakar gidan tsohuwar Madadi muna sussukar wake. Ƙaninta ne, Khali Usman, wato Kawu Usman, wanda muka ɗauka ya mutu. Yana Masar da matarsa da ƙanwarsu ɗaya, ya sami aiki a gidan burodi, suna da ɗaki biyu. Ya bi mutane da yawa kafin ya sami lambarmu. Ya ce mu taho, ya san wanda zai shirya mana hanya, amma sai a cikin watan nan, don mutumin zai bar aikin.

Ban taɓa ganin Yumma haka ba tun rasuwar Babana. Ta yi ta waƙoƙin garinsu tana shara, ta yi wa tsohuwa lalle hannu da ƙafa ba biki ba salla. Shekara biyu tana yi wa mutane murmushi da Hausar da ake yi mata dariya, ba ta da wanda za ta yi wa ƙorafi da harshen da take mafarki da shi. Na ga ba ni da bakin cewa a tsaya saboda ni. Na je na sami Hajiya Saude na faɗa mata, na roƙe ta takardar canjin makaranta, don kada in sake isa wata ƙasa hannu rabbana.

Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Kwana biyu ta haɗa mini komai, sakamakon kowane zango, da wasiƙa mai hatimi, ta sa malamin Larabci ya fassara, ta yi kwafi uku ta ce kada in ba kowa na asalin ko da ya zo da rawani. Ta ce haƙƙina ne in tafi da su, sunana kuma ba za ta cire shi daga jerin masu jarrabawa ba sai ranar da aka shiga ɗaki ba ni. Ranar a mota Malama Binta ta riƙe hannuna har Gwarzo.

Na tarar Yumma ta gama ɗaure ƙulli ɗaya, tana kan na biyu. Na miƙa mata ambulan. Ta goge hannu ta zaro fassarar Larabcin, ta zauna a kan turmi tana karantawa a hankali, tana bin layi da yatsa. Akwai wurin da kowane malami ya rubuta abin da ya sani game da ni. Ta karanta na Malamar Turanci sau biyu, inda ta ce na zo ban iya jimla uku ba, yanzu ni ce ta huɗu a ajinta. Ta kai kan na Hajiya, layi ɗaya ne: yarinyar nan ta sauya wurin kwana sau huɗu, ba ta makara ba ko sau ɗaya.

Ta daɗe tana riƙe da takardar. Ta tambaye ni, idan mun je can, aji nawa za su sa ni. Na ce ban sani ba, wataƙila sai an jira shekara ta zagayo, wataƙila a mayar da ni baya. Ta ce in faɗa mata gaskiya, ina son tafiya? Na ce ina son inda take so. Ta ce ba abin da ta tambaye ni ke nan ba. Sai na fashe da kuka.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, “Wancan karon da aka tashe ki daga aji, ba da sona ba ne, ba ni da yadda zan yi. Wannan karon in na tashe ki, ni na yi. Kewa ba ta kashe mutum, Ikhlas. Miƙo mini wayar.”

Ta fita bayan gida ta yi magana da Khali Usman, ta daɗe. Da ta dawo ta durƙusa ta kwance ƙullin da ta ɗaure, ta ciro tukunya ta ce in hura wuta.

Na zauna jarrabawar, na ci. Yanzu ina babbar sakandare a Kabo, a makarantar dai. Muna haya a Gwarzo, ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe, Yumma har ta sa wata mata tana taya ta aiki lokacin bukukuwa. Hanyar Masar ta rufe kamar yadda Khali ya faɗa, ba mu san ranar da wata za ta buɗe ba. Duk ranar Juma'a bayan la'asar yakan kira. Yumma takan ɗauki wayar ta fita waje, in riƙa jiyo dariyarta da Larabci ta taga. Idan ta dawo idonta ja, ba ta yarda mu haɗa ido, sai ta hau gyara abin da yake a gyare, ta ce da ni, “Ba a ba ku aikin gida ba ne yau?”